Wane ƙarfe ne yake karɓar naitirojin, kuma wane aiki ya dace da shi?

Tambayar ta zo ne daga wani mai shagon sassaƙar ƙarfe da yake yi wa masana'antun roba na Kano kayan gyara. Ya ce ya sassaƙa shaf, wato sandar da take juyawa a cikin inji, guda biyu, ɗaya daga ƙarfen EN8, ɗayan kuma daga EN19 kamar yadda ya sayo shi a kasuwa, sannan ya aika da su aka taurara fatarsu da naitirojin. Na farkon bai yi wani taurin kirki ba, na biyun kuwa ya yi tauri amma ya lotsa ya fara ɓarewa bayan 'yan makonni a bakin aiki. Yana son ya san wane irin ƙarfe ne ya dace da wannan aiki, mene ne halayensa, kuma a ina ake amfani da shi.

Malam, abin da ya sami shaf ɗinka biyu ba baƙon abu ba ne, kuma dalilinsu ba ɗaya ba ne. Na farkon ya rasa sinadaran da za su riƙe naitirojin a cikinsa, na biyun kuma yana da su daidai gwargwado, amma ba a shirya cikinsa ba kafin a taurara fatarsa. Naitirojin shi kaɗai ba ya mayar da kowane ƙarfe mai tauri. Abin da yake tarar wa a cikin ƙarfen, da irin zafin da ƙarfen ya sha kafin zuwansa, su ne suke yanke hukuncin abin da zai fito daga tanderu. Saboda sauƙin magana zan riƙa kiran wannan aiki ban naitirojin, kamar yadda maƙeranmu suke kiran nasu ban ruwa, duk da cewa hanyoyin biyu sun sha bamban ƙwarai.

A ban ruwa, ana gasa ƙarfe har ya wuce digiri 800 a ma'aunin Salshiyos, tsarin cikinsa ya sauya gaba ɗaya, sannan a tsoma shi cikin ruwa ko mai don ya huce nan take. Wannan hucewar gaggawa ita ce take kawo tauri, kuma ita ce take kawo karkacewa da tsagewa. Ban kabon, wato cusa kabon cikin fatar ƙarfe, wanda ake yi wa yawancin haƙoran giyar mota, shi ma haka yake, domin ana yin sa tsakanin digiri 900 da 950 kuma dole a tsoma daga baya. Ban naitirojin kuwa ana yin sa ne tsakanin digiri 500 da 550 ko kusa da haka, ƙasa da digiri 590 inda tsarin ƙarfe mai naitirojin yake fara sauyawa, kuma babu tsomawa a ƙarshensa. Ana rufe kayan a tanderu, a kori iskar da ke ciki, a sako iskar amoniya. Idan amoniya ta taɓa fatar ƙarfe mai zafi sai ta rabe zuwa haidirojin da naitirojin, shi kuma naitirojin ɗin, tun yana ƙwaya ɗai-ɗai, sai ya riƙa kutsawa cikin ƙarfen sannu a hankali. Naitirojin ɗin da muke shaƙa, wanda ya kai kashi 78 cikin 100 na iskar duniya, ba ya yin wannan aiki a irin wannan zafi, domin ƙwayoyinsa a ɗaure suke biyu-biyu, shi ya sa ake buƙatar amoniya, ko wutar lantarkin da za ta raba su kamar yadda ake yi a tanderun filasma, ko kuma narkakken gishiri na musamman. Aiki ne mai cin lokaci. Kafin a sami zurfin rabin milimita a ƙarfe mai alminiyam ana iya shafe awa 40 zuwa 60, kuma duk wanda yake son ya ninka zurfin sau biyu sai ya ninka lokacin kusan sau huɗu.

Idan aka yanka ƙarfen da ya sha naitirojin, aka goge shi, aka jiƙa shi da ruwan asid mai sauƙi, aka duba a madubin ƙara girma, za a ga abu biyu. A can sama akwai wani siririn layi fari wanda asid bai ci ba, kaurinsa daga maikiron 5 zuwa 25 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), wato bai kai rabin kaurin gashin kai ba. Wannan farin ɓawo haɗin baƙin ƙarfe ne da naitirojin zalla. Yana da santsi, yana hana ƙarfe biyu kama juna yayin gugar juna, yana kuma rage tsatsa, amma yana da gautsi, musamman idan ya yi kauri. A ƙarƙashinsa ne ainihin aikin yake, wato sashen da naitirojin ya ratsa, mai zurfin milimita 0.1 zuwa 0.7 gwargwadon ƙarfen da lokacin da aka ɗauka. A nan ne naitirojin yake haɗuwa da alminiyam ko kuromiyam ko banadiyam da suke narke a cikin ƙarfen, su zama wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri waɗanda madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya iya gani, su cika tsarin ƙarfen su takure shi ta yadda ba zai iya zamewa ba. Wannan takurewar ita ce taurin. Ƙarfen da ba shi da waɗannan sinadarai zai yi farin ɓawo kamar kowa, amma ƙarƙashin ɓawon ba abin da zai taurare sosai.

Tarihin abin ma ya nuna haka. Adolph Machlet a Amurka ya sami haƙƙin mallakar fasahar gasa ƙarfe cikin amoniya a 1913, amma fasahar ba ta yi nisa ba sai da Adolf Fry na kamfanin Krupp da ke Essen a Jamus ya gano, a farkon shekarun 1920, cewa sirrin yana cikin gamin ƙarfen ne. Daga bincikensa aka samo ƙarafan da ake sayarwa da sunan Nitralloy. Kowane sinadari da aikinsa a cikin gamin. Alminiyam ne ya fi kowa kawo tauri, kuma kusan kashi 1 cikin 100 ya wadatar. Kuromiyam yana kawo tauri mai kyau wanda bai kai na alminiyam gautsi ba, yana kuma taimaka wa ƙarfen ya sha ban ruwa har cikinsa. Banadiyam kaɗan ake sakawa, yana ƙara tauri yana kuma hana ƙarfen laushi idan ya daɗe a zafi. Molibdinam kuwa, wanda mutane suka fi mantawa da shi, a nawa ganin shi ne mai gadin gidan, domin ƙarfe mai kuromiyam idan ya kwana biyu ko uku a wajen digiri 500 yana iya zama mai gautsi tun daga cikinsa, molibdinam ne yake hana hakan. Nikel ba ya haɗuwa da naitirojin, amfaninsa shi ne ƙara wa cikin ƙarfen juriya a manyan kaya masu kauri. Kabon kuma ana tsayar da shi tsakanin kashi 0.25 da 0.45 cikin 100, saboda idan ya yi yawa sai ya riga naitirojin kama kuromiyam, a rasa abin da zai taurara fatar. Akwai wata ƙa'ida da ta ratsa duk wannan, wato duk yadda gamin ya ƙaru, taurin fatar yana ƙaruwa amma zurfinta yana raguwa, domin sinadaran suna tare naitirojin tun a bakin ƙofa.

Rukunin farko na ƙarafan da aka ƙera musamman don wannan aiki shi ne mai alminiyam. Ƙarfe ɗaya ne a zahiri, ko kusan ɗaya, amma kowace ƙasa da sunan da take kiransa: a Ingila EN41B, a Jamus 41CrAlMo7-10, a Amurka Nitralloy 135M, a Japan SACM645, a Sin kuma 38CrMoAl, wanda shi ne za ka fi cin karo da shi tunda yawancin injinan roba da suke Sharaɗa da Challawa da Bompai daga Asiya suke zuwa. Gaminsa kabon wajen kashi 0.4 cikin 100, kuromiyam wajen kashi 1.5, alminiyam wajen kashi 1, molibdinam kuma wajen kashi 0.2 zuwa 0.3. Sunan Jamusanci yana da amfani ga wanda ya iya karanta shi, domin lambar farko kabon ce da aka ninka sau 100, lambar kuromiyam ana raba ta gida 4, ta alminiyam kuma gida 10, saboda haka 41CrAlMo7-10 yana gaya maka kabon 0.41, kuromiyam kusan 1.75, alminiyam 1.0. Wannan rukuni yana kaiwa taurin 950 zuwa 1100 a ma'aunin Vickers, alhali haƙorin giyar da ya sha ban kabon yana tsayawa wajen 700 ne. Wani abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, ƙarfen da ya sha ban kabon yana fara laushi da zarar ya wuce digiri 200, shi kuwa wanda ya sha naitirojin yana riƙe taurinsa har kusan digiri 500. Sai dai wannan tauri yana da farashi. Fatar tana da gautsi, kuma taurin yana faɗuwa da sauri daga fata zuwa ciki, saboda haka ba ta son duka, ba ta son kaifin kusurwa, ba ta son nauyin da ya taru a ɗigo ɗaya. Alminiyam ɗin yana kuma barin ƙananan ƙwayoyi masu tauri a cikin ƙarfen waɗanda suke cin bakin wuƙar injin sassaƙa, kuma ƙarfen ba ya jin daɗin walda. Idan kayan yana da kauri sosai, akwai ɗan'uwansa mai nikel, 34CrAlNi7-10, wanda ban ruwa yake ratsa shi fiye da na farkon.

Rukuni na biyu ba shi da alminiyam, ya dogara ne ga kuromiyam mai yawa da molibdinam, wani lokaci da banadiyam. Sanannunsa su ne 31CrMoV9, mai kuromiyam wajen kashi 2.5 da banadiyam kashi 0.1 zuwa 0.2, da EN40B na Ingila mai kuromiyam wajen kashi 3 da molibdinam wajen rabin kashi. Taurin fatarsu yana tsayawa wajen 750 zuwa 850 a ma'aunin Vickers, ƙasa da na rukunin farko, amma fatar ta fi juriya kuma taurin yana sauka a hankali zuwa ciki. Ina ganin wannan rukuni ne ya fi cancantar a yi masa kallon farko a duk inda kaya yake juyawa ƙarƙashin nauyi yana lanƙwasa yana miƙewa, kamar karanshaf da haƙoran giya da shaf ɗin manyan injina. Na sha ganin mutane suna neman ƙarfe mai alminiyam don kawai lambar taurinsa ta fi girma, su sa shi a wurin da ake dukansa, fatar ta ɓare. Bambancin 800 da 1000 ba ya amfanar da kayan da abin da yake kashe shi tsagewa ce ba cinyewa ba.

Daga nan sai ƙarafan da ba don wannan aiki aka ƙera su ba amma suna karɓarsa. EN19 ɗinka, wanda shi ne 42CrMo4 a Turai kuma ɗan'uwan 4140 na Amurka, yana da kuromiyam wajen kashi 1 da molibdinam wajen kashi 0.2, kuma idan aka shirya shi da kyau yana ba da 550 zuwa 650 a ma'aunin Vickers, da fata mai zurfi da juriya. EN24 mai nikel shi ma kusa da haka yake bayarwa. Ga ayyuka da yawa na shago wannan ya isa, kuma ƙarfen yana da sauƙin samu. EN8 kuwa kabon ne da manganis kawai, ba shi da kuromiyam ko alminiyam da za a ambata, shi ya sa sashen da naitirojin ya ratsa a cikinsa da wuya ya wuce 350 zuwa 400. Ba wai ba a yi wa irinsa aikin naitirojin ba ne sam. Ana yi masa gajeren aiki na awa biyu ko uku a wajen digiri 570 zuwa 580, a cikin narkakken gishiri, irin wanda ake sayarwa da sunan Tufftride ko Tenifer, ko a iskar da aka haɗa da kabon, amma abin da ake nema a can farin ɓawon ne kawai, don santsi da rage tsatsa a kayan da ba sa ɗaukar nauyi mai yawa. Wanda ya sa EN8 a tanderu yana jiran taurin da zai ɗauki nauyi ya ɓata amoniya da lokaci.

Shaf na biyu shi ne ya fi ba ni tausayi, domin ƙarfensa ba shi da laifi. EN19 yana zuwa kasuwa a halaye daban-daban, wani an yi masa ban ruwa an kuma sassauta shi, wato an sake gasa shi a matsakaicin zafi don a rage masa gautsi, wani kuwa a tausashe yake don sauƙin sassaƙa, kuma ido ba ya bambance su. Fatar da ta sha naitirojin siririya ce ƙwarai, ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi ita kaɗai, cikin ƙarfen ne yake tallafe da ita. Idan cikin yana da laushi, nauyi yana lotsa shi, fatar kuma da yake ba ta iya lanƙwasa sai ta tsattsage ta ɓare, kamar ɓawon ƙwai idan aka danna shi da yatsa. Bayan haka, a ƙarfen da aka tausasa, kuromiyam ya riga ya taru da kabon a manyan dunƙule, bai rage a narke ba balle naitirojin ya same shi, saboda haka fatar ma ba ta kai taurin da ya kamata. Tun ran gini ran zane. Dole ne a fara yi wa ƙarfen cikakken ban ruwa, EN19 daga wajen digiri 840 zuwa 860 a tsoma a mai, mai alminiyam kuma daga wajen digiri 900 ko sama da haka kaɗan, sannan a sassauta shi a zafin da ya ɗara na ban naitirojin da aƙalla digiri 30. Idan za a yi ban naitirojin a digiri 520, sassautawar kada ta gaza 550, kuma da yawa suna kai ta 580 zuwa 620. Dalilin wannan tazara shi ne, idan zafin sassautawa bai kai ba, cikin ƙarfen zai ci gaba da laushi da sauya girma a tsawon awannin da zai yi a tanderu, kayan ya fito a karkace kuma ba da ƙarfin da aka auna ba. Taurin ciki da aka fi nema shi ne 28 zuwa 35 a ma'aunin Rockwell na C, wanda har yanzu injin sassaƙa yana iya ci.

Jerin aikin ma yana da nasa hukunci. Ana yi wa kayan sassaƙar farko, a bar ɗan nama, a mayar da shi tanderu a wajen digiri 550 zuwa 580 don ya saki takurar da sassaƙa ta bari a cikinsa, sannan a yi sassaƙar ƙarshe da gogewa zuwa ma'auni, sai ban naitirojin ya zo a ƙarshe. Ana yawan cewa wannan aiki ba ya karkatar da kaya, kuma gaskiya ne idan aka kwatanta shi da ban kabon, amma dogon shaf da ba a sauke wa takura ba zai lanƙwashe ko da ba a tsoma shi a komai ba, kuma miƙe shi bayan ya sha naitirojin tsage fatar ne. Wajibi ne a sassaƙe fatar asali ta sandar ƙarfen gaba ɗaya, domin a can kabon ya ƙone lokacin da ake murza ƙarfen a masana'anta, kuma irin wannan wuri yana shan naitirojin fiye da kima ya ɓare, musamman a ƙarfe mai alminiyam. A kashe kaifin kowace kusurwa, saboda naitirojin yana shiga kusurwa ta fuska biyu ya mayar da ita mai gautsi. A rufe zaren noti da duk inda za a huda ko a yi walda daga baya, da rufin jan ƙarfe ko kuza ko fentin da aka yi don haka. A wanke mai da tsatsa da sawun hannu tas. A kuma sa rai kayan zai ɗan kumbura, abin da bai wuce wajen milimita 0.01 zuwa 0.03 a faɗin shaf ba, wanda a mazaunin boris ba ƙaramin abu ba ne.

Game da inda ake amfani da su, sana'arka ce misali mafi kusa. Sukurun injin narka roba da bututun da yake juyawa a ciki galibi daga 38CrMoAl ake yin su, da fata mai zurfin milimita 0.4 zuwa 0.7, domin suna aiki a zafin digiri 200 zuwa 300, suna gugar juna, kuma tsawonsu ba zai yarda da tsomawa a mai bayan an gama sassaƙa ba. Da sabuwar roba mai tsabta suna daɗewa. Amma masu sake narka tsofaffin robobi da ledoji da aka tsinto su sani cewa yashin da yake manne da kayan yana da taurin da ya kai na fatar kanta, wajen 1000 ko fiye a ma'aunin Vickers, saboda haka yana cin ta, kuma da zarar ya cinye rabin milimitan nan sai ya faɗa cikin nama mai taurin 300, cinyewar ta koma gudu. A irin wannan wuri wanke kayan da kyau ya fi sauya ƙarfe amfani, idan kuma ba zai yiwu ba, sai a koma ga bututu mai rufin gami mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 da sukurun da aka ɗora wa walda mai tauri a kan tudunsa. Haka nake ba masu injin matse gyaɗa da waken suya shawara, domin ƙasa da tsakuwar da suke shiga tare da ƙwayar ba su dace da siririyar fata ba.

Karanshaf yana nuna wata fa'idar dabam wadda ba ta da alaƙa da cinyewa. Naitirojin ɗin da ya cusa kansa cikin fata yana so ya faɗaɗa ta, cikin ƙarfen kuma ya hana, sai fatar ta kasance a matse koyaushe. Tsagar gajiya tana farawa ne daga fata a lokacin da ake jan ta, saboda haka fatar da take a matse tun asali tana jinkirta farawar tsagar, musamman a lungun da wuyan karanshaf ya haɗu da kafaɗarsa. Wannan ne ya sa injinan jiragen sama masu fistin da na motocin tsere da manyan injinan dizal da yawa suke amfani da karanshaf mai naitirojin. A nan akwai abin da nake roƙon masu gyaran injin su kula da shi. Rage wuyan karanshaf da milimita 0.25 don a sa mital mai kauri yana nufin cire milimita 0.125 a kowane gefe, wanda ya share farin ɓawon gaba ɗaya ya kuma ci wani sashe mafi tauri na abin da ke ƙarƙashinsa, a karanshaf ɗin da gajeren aikin gishiri kawai ya sha kuwa kusan ba abin da zai rage. Wasu masu ƙera injin suna hana rage irin wannan karanshaf sam, wasu kuma suna sharɗanta a sake yi masa ban naitirojin bayan ragewar, don haka a duba littafin injin kafin a ɗora shi a kan dutse. Ana kuma samun aikin a sandar bawul, da ringin fistin, da kayan famfon dizal, da sandar haidirolik, da manyan giya masu haƙora ta ciki waɗanda gyara su bayan sun karkace yake da wuya.

Ƙarafan mazubi suna da nasu babi. H13, mai kuromiyam wajen kashi 5 da molibdinam sama da kashi 1 da banadiyam wajen kashi 1, ana sassauta shi a wajen digiri 550 zuwa 600 amma cikinsa yana riƙe da taurin 44 zuwa 50 a ma'aunin Rockwell, fatarsa kuma tana haura 1000 a na Vickers. Da shi ake yin mazubin da ake tura alminiyam mai zafin digiri 450 zuwa 500 ta cikinsa don fitar da firam ɗin taga da ƙofa, kuma ana maimaita masa ban naitirojin bayan ya yi aiki na wani lokaci. Siririyar fata ake so a nan, wajen milimita 0.1 zuwa 0.2, domin maimaitawar da ta yi yawa tana sa bakin mazubin ɓantarewa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa yana da wuyar sha'ani ta fuska biyu. Siririn rufin da yake kare shi daga tsatsa yana hana naitirojin shiga sai an kawar da shi, aikin da tanderun filasma ya fi iyawa, sannan idan zafin ya wuce wajen digiri 450 naitirojin yana kame kuromiyam ɗin da yake ba shi kariya, ya yi tauri amma ya fara tsatsa. Shi ya sa ake yi wa irin su ƙarfen 316 marar tsatsa aikin a ƙasa da wannan zafi, a gamsu da fata mai maikiron 10 zuwa 30.

Kafin ka sake aika kaya, ka tabbatar da ƙarfen da ke hannunka ta takardar shaidar masana'antar da ta yi shi ko ta na'urar tartsatsi mai karanta sinadarai, domin kallon tartsatsin dutse da ido ba ya nuna alminiyam, kuma fentin da aka shafa a kan sanda ba hujja ba ne. Ka rubuta wa mai tanderu abu huɗu a takarda: sunan ƙarfen da zafin da aka sassauta shi, taurin fata da kake so a ma'aunin Vickers, zurfin da kake so, da kaurin farin ɓawo da za ka lamunta. Zurfin ana auna shi ne daga fata zuwa inda taurin ya sauko ya rage 50 kacal a saman na ciki. Idan kayan zai sha nauyi mai juyawa, ka nemi farin ɓawon kada ya wuce maikiron 10, ko ka bar abin da za ka goge shi da shi, kuma masu tanderu suna da hanyar rage shi ta aiki mai mataki biyu wanda Carl Floe ya ɓullo da shi a Amurka, inda ake rage ƙarfin amoniya a mataki na biyu. Ka haɗa da ɗan guntun ƙarfen iri ɗaya wanda ya sha shiri iri ɗaya, don a yanka shi a auna maimakon kayan. Kada ka yarda a auna fatar da Rockwell na C, domin nauyinsa na kilo 150 yana huda ta ya ba da lambar ƙarya, magagari kuma zamewa kawai yake yi a kan farin ɓawo ko da ƙarƙashinsa laushi ne.

Shaf ɗin EN8 ka ajiye shi don wani aikin. Na EN19 ka sake sassaƙa sabo daga sandar da aka yi wa ban ruwa aka sassauta a wajen digiri 580 zuwa 600, ka auna cikinta ka ga ya kai 28 zuwa 32 a ma'aunin Rockwell kafin ka ɗora ta a injin, ka nemi zurfin milimita 0.3 zuwa 0.4. Idan shaf ɗin yana cikin roba mai zafi ne yana guga ba tare da duka ba, ka nemi 38CrMoAl ko EN41B, idan kuma yana ɗauke da giya ko yana shan jijjiga, 31CrMoV9 ko EN40B za su fi yi maka aiki.